Milimita 2 kacal: ni da AI a kan hoton muƙamuƙi

Ranar Talata da yamma muna shirin tashi daga aiki sai wani ƙaramin likita da yake koyon daidaita haƙora a hannuna ya shigo ofis da takarda, fuskarsa a sake irin ta wanda ya gama aikinsa da wuri. Yace, "Oga na gama na yarinyar nan ta ɗazu, muƙamuƙinta na ƙasa ne ya wuce na sama, ga lissafin." Na karɓa na duba. Takardar ta yi kyau wallahi, lambobi a jere wasu ja wasu kore, ga zanen fuskar yarinyar ta gefe, komai tsaf. Nace minti nawa ka yi a kai? Yace ko minti ɗaya bai cika ba, hoton kawai ya loda, manhajar AI ɗin ta ƙarasa sauran.

Hankalina bai kwanta ba, saboda ni ma naga yarinyar da idona. Shekararta 9, haƙoranta na gaba na sama guda biyu suna faɗawa bayan na ƙasa idan ta cije, wannan gaskiya ne, amma dana dube ta ta gefe banga haɓar da ta turo gaba irin wadda lambobin nan suke faɗa ba. Idan da mun bi takardar, abin da zai biyo baya shi ne mu ɗaura wa yarinya ƙaramar nan wani abu da ake sawa a fuska yana jan muƙamuƙin sama gaba, wanda ake so a sa shi awa 12 zuwa 14 kullum har tsawon watanni. Ba ƙaramin abu bane ka ɗora wa yaro wannan. Nace masa ajiye jakarka, buɗe min hoton.

Bari na ɗan koma baya saboda waɗanda ba aikinsu ba ne. Mu masu sa wa mutane waya a haƙori akwai wani hoton eksire da muke yawan ɗauka, na kai gaba ɗaya daga gefe, ana saka wasu 'yan sanduna biyu a kunnuwa su riƙe kan kada ya motsa. Tun 1931 aka fito da wannan tsarin, Broadbent a Amurka da Hofrath a Jamus, kowa da nasa ba tare da sun haɗa kai ba. Amfaninsa shi ne ka gane ko matsalar a haƙoran take ko a ƙashin da yake ɗauke da su, domin maganin ba ɗaya bane. A kan hoton nan akwai wasu wurare sanannu da ake ɗiga wa alama. Akwai Sela, tsakiyar wani ɗan rami a gindin ƙoƙon kai mai siffar sirdi. Akwai Nasiyon, inda ƙashin hanci ya haɗu da na goshi. Akwai ɗigon A, wuri mafi lotsawa a gaban muƙamuƙin sama ƙarƙashin hanci, da ɗigon B, takwaransa a muƙamuƙin ƙasa sama da haɓa. Sai a ja layuka tsakaninsu a auna kusurwa. A ma'aunin Steiner na 1953, wanda har yau shi aka fi koyarwa, kusurwar SNA (wato tsakanin Sela da Nasiyon da A) tana kusan digiri 82, SNB (Sela da Nasiyon da B) digiri 80, bambancinsu kuma wato ANB digiri 2. Idan ANB ta haura sosai muƙamuƙin ƙasa ya yi baya kenan, idan ta faɗi ƙasa da sifili ya yi gaba.

Mu da hannu muka koya. Akwatin haske, takarda mai shara-shara a manne da salatif a kan hoton, fensir mai tsini, rula da ma'aunin kusurwa, a kashe fitilar ɗaki ka sunkuya kana neman inda ƙashi ya ƙare inuwa ta fara. Hoto ɗaya zai iya cin minti 20 ko 30, wani lokacin ka gama malam ya zo ya kalla yace goge ka sake. Ina tuna ciwon wuyan da ciwon idon, kuma ba zan ɓoye ba, ranar da na fara ganin kwamfuta ta zuba ɗigogin nan duka cikin 'yan daƙiƙoƙi, daɗi naji har raina. Har yanzu ina jin daɗin. Lokacin da a da nake ɓatawa a kan zane yanzu ina ba majinyaci shi, in zauna da uwa da ɗanta in yi musu bayani a natse. Don haka kada wani ya karanta wannan yace ina adawa da na'ura ne, kullum ina amfani da ita.

Kuma fa mu mutane ba wai mun iya abin ɗari bisa ɗari bane. Tun 1971 Baumrind da Frantz suka nuna cewa idan ka ba likitoci hoto ɗaya kowa ya ɗiga, ɗigon ba ya faɗawa wuri guda, kuma kowane ɗigo da irin tasa karkatar, wani ya fi kuskurewa sama da ƙasa wani gaba da baya. Akwai masu sauƙi kamar Sela. Akwai masu wahala kamar Foriyon da yake saman ramin kunne, wanda sandar nan ta ƙarfe ko ta roba kan rufe shi, da Goniyon a kusurwar muƙamuƙi inda inuwar dama da ta hagu suke hawa kan juna sai ka raba tsakani. Wannan ne ma ya sa tun shekarun 1980 masu bincike suke ta neman yanda kwamfuta za ta karɓi aikin, sai dai na farko-farkon basu yi wani abin kirki ba.

Abin ya fara kankama ne da wata gasa da aka shirya a taron ISBI na masana hotunan asibiti na duniya, a 2014 da 2015. Masu bincike daga Taiwan suka tara hotuna har 400, likitoci biyu suka ɗiga wurare 19 a kowanne, aka ce kowa ya kawo manhajarsa a gwada. Ƙa'idar ita ce idan ɗigon manhaja ya faɗi cikin milimita 2 daga na likita an ci, idan ya wuce an faɗi. Lindner da Cootes na jami'ar Manchester su suka yi fice a 2015, kuma ko su a kashi 70 da wani abu cikin 100 suka tsaya a wancan gwajin. Bayan nan ne aka shigo da irin AI ɗin da ake yayi yanzu, mai koyo daga tarin misalai. Yanda take koyo ba wani sihiri a ciki: a nuna mata hoto ta yi hasashen inda ɗigon yake, a gwada da inda mutum ya saka, ta ga tazarar ta gyara lissafinta, a sake, sau dubbai, har hasashenta ya riƙa faɗawa kusa. A 2020 wasu masu bincike a jami'ar ƙasa ta Seoul a Koriya ta Kudu suka wallafa sakamakon manhajar da suka horar da hotuna 1,028 ta gano wurare 80. Tazarar da ke tsakaninta da likita a matsakaici milimita 1.46 ce, tazarar da ke tsakanin likita da likita kuwa 1.50. Wato ta kamo mu. Ta ma fi mu a abu ɗaya, ko sau nawa ka bata hoto ɗaya wuri ɗaya za ta ɗiga, mu kuwa wanda ya ɗiga yau idan ya dawo wani satin sai ka ga ya ɗan gusa kusan milimita guda.

To ina matsalar take? A milimita 2 ɗin nan take, kuma a nan nake so duk mai wannan aikin ya tsaya ya yi lissafi da kansa.

Daga Nasiyon zuwa ɗigon A tsawon bai wuce milimita 55 zuwa 60 ba a yawancin mutane. A irin wannan tsawon, idan ɗigon A ya gusa baya da milimita 1, kusurwar SNA ta ragu da kusan digiri 1 kenan. Milimita 2, digiri 2. Ɗigon B ya fi nisa daga Nasiyon don haka tasirinsa bai kai haka ba, amma idan ya gusa gaba da milimita 2 zai ƙara wa SNB digiri 1 da ɗan wani abu. Haɗa su biyun, ANB ta sauka da fiye da digiri 3. Ka tuna daidai ɗin gaba ɗayansa digiri 2 ne. Kenan yaron da ƙashinsa lafiya lau zai iya fitowa a takarda a matsayin mai muƙamuƙin ƙasa da ya yi gaba, alhali a ƙa'idar gasar duka ɗigon biyu an ci su, babu wanda ya wuce milimita 2. Wanda ya ƙera manhajar bai yi ƙarya ba da yace ta ci, amma yaron da yake zaune a kujerata ba ruwansa da maki, fuskarsa ce za a taɓa. Sannan matsakaici yana ɓoye abu, idan ɗigo 18 sun faɗi daram ɗaya ya kauce da milimita 5 matsakaicin zai yi kyau, amma idan wanda ya kaucen nan shi ne wanda hukuncinka ya rataya a kai fa?

Haka ya faru da yarinyar. Da muka girmama hoton a allo sai ga ɗigon A can ciki, ya bar gefen ƙashi ya hau kan inuwar wani haƙori da bai fito ba tukuna. Yara masu shekara 8, 9, 10 haka bakinsu yake, na nono basu gama zubewa ba na girma suna cikin ƙashi suna tahowa, wurin ya cakuɗe, ga ƙashin gaban muƙamuƙin sama siriri ne da kyar yake fitowa a hoto. Na kama ɗigon da linzamin kwamfuta na jawo shi inda ya kamata, nan take jan lambobi biyu suka koma kore. Yaron nan ya yi shiru yana kallo. Abin da ya fi ci min rai a manhajar da muke amfani da ita shi ne ɗigon da ta tabbatar da wanda ta yi cinta kawai duk kala ɗaya suke fitowa, girma ɗaya, babu wanda yake ce maka ni fa a duba ni. Ɗalibi idan bai gane wuri ba zaka ga fensirinsa yana rawa ko ya ɗago kai ya kalle ka, ita kuwa a'a.

Amma ko bayan gyaran ɗigon A, ɗigon B yana nan a gaba kaɗan, kuma a wannan manhajar bata yi kuskure ba ko kaɗan, inda yake a hoton nan ta saka shi. Hoton ne da kansa bai faɗi gaskiyar yarinyar ba. Ɗazu da tana kujera na kama haɓarta a hankali nace saki jikinki 'yata, rufe bakin sannu-sannu, sai naga haƙoran gaba na sama da na ƙasa suna fara haɗuwa baki da baki, daga nan sai ta zame da muƙamuƙin gaba don turamenta su samu su haɗu. Ta saba da haka har bata san tana yi ba, kuma a haka ta cije lokacin da aka ɗauki hoton. Babu manhajar da za ta ga wannan zamewar a hoto guda wanda baya motsi, sai ka sa hannu a haɓar yaro ka ji. Irin wannan maganinsa ɗan ƙaramin abu ne da zai tura haƙora biyun nan gaba cikin 'yan watanni, sannan a ci gaba da lura da girmanta.

Akwai wani ɓangaren kuma da ba a cika maganarsa ba, wato su jan lambobi da koren nan, da wa ake gwada majinyacin? Downs da ya fitar da ma'auninsa a 1948 yara 20 ya auna, duka Turawa, masu shekara 12 zuwa 17 da haƙoransu suka jeru da kyau. Ma'aunin Steiner shi ma daga fuskokin Turawan Amurka ya fito. An daɗe da sanin cewa baƙaƙen fata da mutanen gabashin Asiya da sauran al'ummai matsakaicinsu daban ne, a wasu haƙoran gaba da leɓɓa sun fi fitowa gaba kuma hakan halitta ce, ba cuta ba. Idan ka bar manhaja a kan ma'aunin da ta zo da shi za ta jere maka ja daga sama har ƙasa a kan fuskar da babu abin da ya same ta, likitan da bai natsu ba sai ya fara tunanin cire haƙora huɗu don ya mayar da baki ciki. Wannan yana damuna ƙwarai. Haka su ma hotunan da aka horar da ita da su, idan duk daga asibiti ɗaya ne da injin ɗaya da mutane masu kama da juna, ranar da ka bata hoton wani injin daban ko na yaro mai tsagaggen leɓe da ganda ko wanda aka taɓa yi wa tiyata aka sa ƙarfe, aikinta zai iya raguwa kuma ba za ta sanar da kai ba.

Maganar cire haƙori ma an kai AI can. A 2016 Jung da Kim suka horar da wata suka gwada ta da bayanan majinyata 156, ta dace da hukuncin likita a kashi 93 cikin 100 kan a cire ko kada a cire. Lambar tana da ban sha'awa, sai dai ka tambayi kanka da me ta dace? Da ra'ayin likitan da aka koya mata da shi. Wannan kuwa magana ce da manyan wannan fanni suke jayayya a kai tun zamanin Edward Angle da Calvin Case a 1911, Angle yace kada a cire, daga baya ɗalibinsa Tweed ya ga haƙoran da ya jera suna komawa yanda suke ya dawo yana cirewa, kuma har gobe idan ka ba ƙwararru biyar majinyaci ɗaya zai yi wuya bakinsu ya zo ɗaya. Manhajar da ta koyi hannun mutum ɗaya ra'ayinsa za ta riƙa maimaita maka, da daidansa da kuskurensa. Kuma bata ji lokacin da uwa take cewa likita yaron nan fa baya son wanke baki ba, ko lokacin da budurwa tace ni leɓena nake so ya koma ciki, wata kuma tace kada a taɓa min wushiryata.

Inda nake da fata sosai shi ne wajen gane lokacin girman yaro. A hoton nan dai na gefe ana ganin ƙasusuwan wuya na 2 da na 3 da na 4, kuma siffarsu tana canzawa yayin da yaro yake balaga, ƙasansu yana lotsawa, suna tashi daga masu faɗi zuwa masu tsayi. Masu bincike Baccetti da Franchi da McNamara sun kasa abin mataki 6, kuma muƙamuƙin ƙasa ya fi saurin girma tsakanin mataki na 3 da na 4, lokacin da ya fi dacewa a yi wasu jiyyoyin kenan. Mu likitoci muna yawan saɓawa a wannan karatun saboda da ido ake kimantawa. Idan na'ura ta iya auna lotsawar nan iri ɗaya kullum, ta taimake mu, ta kuma rage buƙatar a sake ɗaukar yaro hoton hannu don a ga shekarun ƙashinsa. Haka a hoton CBCT mai nuna kai ta kowane ɓangare, wanda ya shigo aikin haƙori a ƙarshen shekarun 1990, ware kowane haƙori da saiwarsa daga ƙashi da hannu aikin awanni ne, yanzu manhaja tana yi cikin mintuna, kuma idan fiƙar sama ta maƙale a cikin ƙashi tana barazanar cinye saiwar maƙwabcinta wannan taimako ne babba.

Sai dai sauƙin nan yana da nasa jan hankalin. Tunda karanta hoto ya daina cin lokaci sai ka ji kamar ka ɗauki kowa, har da CBCT wanda tururin eksirensa ya ninka na hoton gefe sau da yawa, alhali yawancin waɗanda muke gani yara ne kuma jikin yaro ya fi na babba jin tururin nan. Ƙa'idar bata canza ba, ba a ɗaukar hoto sai idan amsarsa za ta canza abin da za a yi. Sannan hoton da muke lodawa ta intanet zuwa kwamfutar wani kamfani a wata ƙasa, na ɗan mutane ne, da siffar fuskarsa a jiki. Ni dai ina cire suna da ranar haihuwa kafin na loda, kuma ina gaya wa iyaye inda hoton zai je kafin su sa hannu.

Yanzu yanda nake yi shi ne, sai na ga majinyaci na taɓa shi na rubuta abin da nake zato kafin na buɗe rahoton manhaja, saboda na lura idan na fara ganin lambobin sai idona ya riƙa neman abin da zai gaskata su. Idan na buɗe kuma ba lambobin nake fara kallo ba, ɗigon nake bi ɗaya bayan ɗaya, in fi daɗewa a kan A da B da Foriyon da Goniyon da ƙarshen saiwar haƙoran gaba. In duba ko ta karanta rular da ke jikin hoton daidai, don idan wannan ya kuskure duk wani awo na milimita ya tafi. Daga nan in kalli hoton gaba ɗayansa kamar ba na neman komai, ramin Sela ko ya yi girma fiye da kima, hanyar numfashi a bayan hanci ko ta matse, ƙasusuwan wuya, saboda manhajar da aka koya wa ɗigo 19 ko 80 su kaɗai take nema, abin da ke tsakaninsu alhakina ne.

Shi kuwa ƙaramin likitan, ban yi masa faɗa ba don ba laifinsa bane, haka ya tarar da aikin, tun ranar da ya fara kwamfuta ce take ɗiga masa. Da na tambaye shi ya nuna min ɗigon A da kansa a wani hoton da ba a taɓa ba, sai da yatsansa ya yi yawo kafin ya tsaya, kuma wannan ne ya tsorata ni fiye da kuskuren manhajar. Na buɗe durowa na ɗauko ragowar takardun zane da suka yi shekaru a ajiye, na haɗa masa da fensir, nace hoto 20 zaka yi min da hannu kafin ƙarshen wata, kowanne idan ka gama sai ka loda a manhaja ka gwada naka da nata, inda kuka saɓa ka kawo min mu duba tare. Yace to Oga. Ya kawo guda 6 zuwa yanzu, a biyu daga ciki shi ne da gaskiya, a ɗaya ita ce, sauran kuma sun dace.

Yarinyar an sa mata ɗan abin tura haƙoran a makon jiya. Mahaifiyarta ta tambaye ni ko za a sake ɗaukar hoto, nace a'a Hajiya ba yanzu ba, ki dai dawo min da ita bayan sati 6 in ga yanda take cijewa.